Da Wane Mudu Aka Auna Malaman Birmingham?

A watan Nuwamba na 2013 wata takarda ta isa ofishin Sir Albert Bore, shugaban majalisar birnin Birmingham da ke tsakiyar Ingila. Ba ta da sa hannu, ba ta da kwanan wata, kuma hoton takarda ce ba asalinta ba. An rubuta ta da sigar wasiƙa, wai daga wani mutumin Birmingham zuwa ga abokinsa a Bradford, yana koya masa yadda za a ƙwace makarantun gwamnati a unguwannin Musulmi. Matakai biyar ta jera. A nemo makarantar da ’ya’yan Musulmi suka yi rinjaye, a samo iyaye ’yan Salafiyya da za su tayar da ƙura, a cusa naka a kwamitin gudanarwa, a jawo wasu malamai su yi zagon ƙasa daga ciki, sannan a yi ta ruwan takardun koke a kan shugaban makaranta har ya gaji ya ajiye aiki ko a kore shi. Marubucin ya laƙaba wa shirin suna Dokin Troy.

Sunan ya fito ne daga tatsuniyar Girkawan dā. Mayaƙa sun kewaye birnin Troy shekara goma ba su ci shi ba, sai suka sassaƙa ƙaton doki na katako, suka ɓoye zaratansu a cikinsa, suka bar shi a bakin ganuwa kamar kyauta. Mutanen gari da hannunsu suka ja shi ciki, dare na yi mayaƙan suka fito suka buɗe ƙofa. Duk Baturen da ya ji wannan suna ya san abin da ake nufi: maƙiyi ne ya shigo da rigar baƙo. Tun daga nan ya kamata a yi tsai, domin da wuya mai ƙulla makirci ya raɗa wa aikinsa sunan da abokan gabarsa za su zage shi da shi. Ministan ilimi na lokacin, Michael Gove, ya wallafa littafi a 2006 kan barazanar masu kishin Islama, mai suna Celsius 7/7, kuma ɗaya daga cikin babukansa wannan suna yake ɗauke da shi. Daga baya takardar ta faɗo a kan teburin mutumin da ya daɗe da yarda cewa akwai irin wannan doki.

Makarantar da aka fi nuna wa yatsa ita ce Park View, sakandare ce a unguwar Alum Rock, gabashin birnin. Mazauna wurin yawancinsu jikokin ’yan ci-rani ne daga Pakistan, musamman yankin Mirpur na Kashmir, waɗanda suka zo aikin masana’antu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wasu kuma bayan ginin madatsar Mangla ya tashi ƙauyukansu a shekarun 1960. Unguwa ce ta talakawa, kuma kusan duk ɗaliban makarantar Musulmi ne. A tsakiyar shekarun 1990 kashi 4 cikin 100 kacal na ɗalibanta ke samun kyakkyawan sakamako a darussa biyar na jarrabawar gama sakandare. A 1997 wani tsohon ɗalibinta, Tahir Alam, ya zama shugaban kwamitin gudanarwa. Abin da ya tsaya a kai shi ne cewa yaro ba zai yi karatu a wurin da yake jin sai ya tuɓe addininsa a bakin ƙofa ba, kuma malamin da ya yanke ƙauna daga ’ya’yan talakawa ba shi da wurin zama. Bayan shekara goma sha biyar, kusan kashi uku cikin huɗu na ɗaliban ke cin jarrabawar. A farkon 2012 hukumar duba makarantu, Ofsted, ta ba Park View daraja mafi girma da take bayarwa, shugabanta Sir Michael Wilshaw kuma ya yaba mata a bainar jama’a.

A nan sai mai karatu ya ɗan yi haƙuri da bayanin doka, don in ba a gane ta ba sauran labarin zai rikice. Ingila ba Faransa ba ce. A Faransa an raba addini da makarantar gwamnati, har dokar 2004 ta hana sa hijabi da sauran alamomin addini masu bayyana a aji. A Ingila kuwa doka ce ta wajabta addini. Tun dokar ilimi ta 1944 kowace makarantar gwamnati sai ta koyar da darasin addini, sai kuma ta tara ɗalibai ibadar haɗin gwiwa kowace rana. Dokar 1988 ta ƙara da cewa ibadar ta kasance gaba ɗaya ko galibinta bisa tafarkin Kiristanci, amma ta bar ƙofa: makarantar da yawancin ɗalibanta ba Kiristoci ba ne tana iya neman izini daga kwamitin harkokin addini na ƙaramar hukuma ta yi ibadar da ta dace da su. Park View ta daɗe da samun wannan izini don yin taron safe irin na Musulunci. Ban da haka, kusan kashi ɗaya cikin uku na makarantun da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu a Ingila na addini ne a hukumance, mafi yawansu na Cocin Ingila da na Katolika. Park View ba ta cikin wannan rukuni, kuma a kan haka masu sukarta suka kafa hujja: abin da za a lamunta wa makarantar addini ba za a lamunta wa wadda ba ta addini ba. Magana ce mai nauyi. Sai dai dokar ƙasar ba ta taɓa zana layin da ya ce daga nan addini ya isa, daga can ya yi yawa ba.

Shi ma batun ƙwace makarantu da bakinsa. Gwamnatin David Cameron, a hannun Gove, ta dage kan tsarin akadami, wato a cire makaranta daga ƙarƙashin ƙaramar hukuma a ba ta cin gashin kanta, mai ƙwazo kuma ta ɗauki masu rauni ta goya. Park View ta zama akadami a 2012, kuma da amincewar ma’aikatar ilimi ta karɓi firamaren Nansen, daga baya ta karɓi sakandaren Golden Hillock. Abin da aka zo ana kira mamaya a 2014, da hatimin gwamnati aka yi shi shekara ɗaya ko biyu kafin nan.

A watan Maris na 2014 takardar ta fita a jaridu, gari ya ɗauka. Ofsted ta tura masu dubawa makarantu 21. A watan Yuni ta saka biyar a rukunin waɗanda suka gaza, har da Park View da ta ɗaga sama shekara biyu da suka wuce. Majalisar birni ta naɗa Ian Kershaw, tsohon shugaban makaranta, ya yi mata bincike. Gove ya naɗa nasa mai binciken, Peter Clarke, wanda ya taɓa shugabantar sashen yaƙi da ta’addanci na ’yan sandan Landan. Shugaban ’yan sandan yankin West Midlands, Chris Sims, ya fito ya nuna takaicinsa da wannan naɗi, don ya san yadda mutanen unguwa za su fassara shi. Gaskiyarsa. Idan aka aiko maka mai farautar ’yan ta’adda ya duba yadda ake taron safe a makarantar ɗanka, an riga an faɗa maka abin da ake ɗaukarka.

Rahotannin biyu sun fito a watan Yuli. Clarke ya ce bai ga shaidar ta’addanci ko cusa wa yara ra’ayin tashin hankali ba, amma ya ga wani yunƙuri mai tsari, na ganganci, daga wasu mutane masu alaƙa da juna, na shigar da tsattsauran salon Musulunci marar haƙuri da saɓani cikin wasu makarantu. Kershaw bai ga makirci mai tsari ba, amma ya ga ’yan kwamitin gudanarwa da suka wuce gona da iri. A watan Maris na 2015 kwamitin ilimi na Majalisar Wakilai ya duba duka, ya ce in ban da abu guda da ya faru shi kaɗai, babu shaidar tsattsauran ra’ayi, babu kuma ta dogon makirci. Ita kuwa takardar da ta kunna wutar, babu binciken gwamnati ko ɗaya da ya sa kansa gano wanda ya rubuta ta. Clarke ya ce abin da ya dame shi shi ne ko abubuwan da ta faɗa sun faru, ba daga ina ta fito ba.

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba in na bar shi da tunanin cewa ƙage ne zalla. Ruwa ba ya tsami banza. Rahoton Clarke ya kawo saƙonni daga wani zauren WhatsApp na wasu malamai maza, inda aka yi kalaman ƙasƙanci ga wasu rukunin mutane, wasu kuma suka yaɗa cewa kisan sojan nan Lee Rigby a titin Landan a 2013 shiri ne kawai. An kawo batun wata takarda da aka raba wa samari a darasin zamantakewar aure, mai cewa mace ba ta da ikon ƙin mijinta. Akwai shugabannin makarantu da suka ce an matsa musu har sun bar aiki. Akwai malamai mata, Musulmi a cikinsu, da suka ce an danne su, an kuma takura wa ’yan mata. Waɗannan mutane ne masu rai da suka yi kuka, kuma duk Musulmin da ya toshe kunne don masu laifin ’yan’uwansa ne ya ci amanar yaran da ake magana a kansu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zarge-zarge ya cancanci a ɗauke shi shi kaɗai, a kira wanda ake zargi, a kawo shaida, a yanke hukunci daidai girman laifin. Don irin wannan aka kafa hukumar ladabtarwa.

A lokacin, aikin ladabtar da malamai a Ingila yana hannun wata hukuma da ake taƙaita sunanta da NCTL, reshen ma’aikatar ilimi. Ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa. Kwamiti ne na mutum uku ke zama, a ji shaidu, lauyoyi su yi musu tambayoyi, a auna wace magana ta fi rinjaye. In an sami malami da laifin saɓa wa ƙa’idar aiki, kwamitin ya ba minista shawara, minista kuma ya iya haramta masa koyarwa a duk makarantun Ingila. Wanda bai taɓa rayuwa da albashi ɗaya ba zai iya raina wannan hukunci. Malamin da aka haramta wa aji an raba shi da sana’ar da ya sani, an rubuta sunansa a inda kowa zai gani, kuma idan aka haɗa sunan da kalmar tsattsauran ra’ayi, babu mai ɗaukarsa ko a wani aikin. Lura kuma da yadda igiyar ta zagayo. Ma’aikatar da ta naɗa Clarke ita ce uwar hukumar da ta shigar da ƙara, kuma ministanta ne mai maganar ƙarshe.

An fara zama a watan Oktoba na 2015, aka gurfanar da malamai fiye da goma a shari’o’i daban-daban. Mafi girma ita ce ta shugabanni biyar na rukunin Park View, kuma biyu daga cikinsu ba Musulmi ba ne. Bayan duk hayaniyar shekara ɗaya da rabi, babbar tuhumar ba ta ta’addanci ba ce. Cewa aka yi sun haɗa baki wajen shigar da tasirin addini fiye da kima cikin karatun yara.

Wannan “fiye da kima” shi ne abin da ya hana ni sakin labarin nan. A kasuwar hatsi, in mai saye ya ce an tauye masa, sai a ɗauko mudun da kowa ya yarda da shi a sake awo a gaban jama’a. A nan babu mudu. Dokar da ta ce dole a yi ibada kullum ba ta faɗi inda ibada ke zama laifi ba. Kiran salla a harabar makaranta da rana, ya wuce kima ko bai wuce ba? Sallar Juma’a ga wanda ya so fa? Raba maza da mata a wasannin motsa jiki, wanda makarantu da dama a ƙasar ke yi, yaushe ya zama alamar wani abu? Da a ce an ɗauko makarantar gwamnati a wani ƙauyen Ingila, inda limamin coci ke zuwa taron safe, ake rera waƙoƙin Kirsimeti, aka ajiye ta gefe da gefe da Park View, da an sami abin kwatance. Masanin zamantakewa John Holmwood, wanda ya ba da shaida a ɓangaren waɗanda ake tuhuma, ya kuma rubuta littafi kan lamarin tare da Therese O’Toole, ya yi ta nanata wannan gibi. Idan babu ma’auni a rubuce, abin da ya rage shi ne idon mai kallo, kuma idon da bai saba da sahun salla ba komai ƙanƙantarsa zai gan shi da yawa.

Haka nan batun abin da suke kira muhimman aƙidun Birtaniya: dimokuraɗiyya, bin doka, ’yancin mutum, da mutunta masu wani addini. Jerin ya fito ne daga tsarin yaƙi da tsattsauran ra’ayi na 2011 mai suna Prevent, ya shiga ƙa’idojin aikin malamai a 2012 da sharaɗin kada malami ya yi musu zagon ƙasa. Sai a ƙarshen 2014, saboda wannan rikici, aka umarci makarantu su riƙa yaɗa su da himma. Ba ni da ja da ɗaya daga cikinsu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙara tsawon sanda bayan an yi tsalle, sannan a ce wa mutum bai kai ba.

Shari’ar ta fara tsagewa a watan Oktoba na 2016. Malamai biyu da aka riga aka haramta wa koyarwa sun ɗaukaka ƙara, Babbar Kotu ta soke hukuncin, saboda ba a nuna musu wasu bayanan da ake amfani da su a shari’ar shugabanninsu ba, alhali tuhumar ita ce tare suka ƙulla. Sannan babbar shari’ar, ta shugabannin biyar, ta biyo baya. Lokacin bincikensa, Clarke ya yi wa masu ba shi bayani alkawarin sakaya sunayensu. Daga baya wasunsu suka zama shaidu a gaban kwamitin ladabtarwa. Ƙa’idar shari’a kuwa a bayyane take, a wurinsu kamar yadda take a wurin alƙalanmu: hujja tana kan mai ƙara, kuma wanda ake ƙara yana da haƙƙin ganin abin da shaida ya faɗa a baya, don a gwada da abin da yake faɗa yanzu. Lauyoyin hukuma suna riƙe da bayanan shaidu 25 na binciken Clarke, ba su miƙa ba, sai da aka kusa yanke hukunci maganar ta fito. A ƙarshen watan Mayu na 2017 kwamitin ya ce da gangan aka ɓoye su, kuma cin zarafin tsarin shari’a ya kai matsayin da ba za a iya ci gaba ba. Aka rufe shari’ar shugabannin biyar. Sauran da suka rage su ma aka janye su. A cikin duk malaman da aka gurfanar, mutum ɗaya ne haramcin koyarwa ya tabbata a kansa, tsohon muƙaddashin shugaban wata makaranta mai suna Oldknow. Tahir Alam, da yake ba malami ba ne, ta wata hanya aka bi da shi: minista Nicky Morgan ta haramta masa shiga harkar gudanar da makarantu a 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta musamman kuma ta tabbatar da haramcin a ƙarshen 2017.

Wasu Musulmin Birtaniya sun ɗauki rushewar shari’ar a matsayin nasara. Ni ban ga wanda ya ci ba. Malaman sun koma gida ba a ce sun yi laifi ba, ba a kuma ce ba su yi ba, bayan shekara uku sunayensu na yawo a jaridu, wasunsu a dakace tun 2014. Waɗanda suka kai kuka kuwa an yi musu alkawarin sirri da ba zai yiwu a cika ba, aka wayi gari ana gaya musu za a iya bayyana su a unguwar da suke zaune, ƙarshe kuma babu wanda ya yanke hukunci kan abin da suka faɗa. Yarinyar da ta ji an tauye ta a aji ba ta sami amsa ba. An ɗora wa ƙaramin kwamitin mutum uku kayan da ba nasa ba, wato muhawarar ƙasa gaba ɗaya kan matsayin Musulunci a Birtaniya, sai masu ƙara suka fi damuwa da tabbatar da babban labarin makirci fiye da bin ƙananan laifuffuka ɗaya bayan ɗaya. Da an bi ƙananan, da wataƙila wasu sun sha hukuncin da suka cancanta, sauran kuma sun koma aji da mutuncinsu.

Mu da muka tashi inda addu’a a taron safe na makarantar gwamnati ba abin tambaya ba ne, yana da sauƙi mu karanta wannan mu ce ga halin Turawa. Amma duk wanda ya yi aikin gwamnati a ƙasarmu ya san takardar koke marar sa hannu da irin ɓarnarta, ya san kwamitin bincike da ake kafawa bayan an gama yanke hukunci a zuci. Akwai kuma garuruwan da mu ne masu rinjaye, malamin da ba addininmu ɗaya ba shi ne ake aunawa da ido.

Shari’ar ta mutu, dokokin da rikicin ya taimaka wajen haifarwa suna nan. Dokar yaƙi da ta’addanci ta 2015 ta ɗora wa makarantu, jami’o’i da asibitoci nauyin sa ido kan wanda ake tsoron zai karkata ga ta’addanci, kuma daga watan Yuli na shekarar wannan nauyi ya fara aiki a kan makarantu bisa doka. A 2018 aka rushe NCTL, wata sabuwar hukuma ta gaji aikin ladabtarwa. A watan Fabrairu na 2022 wasu ’yan jarida biyu, Brian Reed da Hamza Syed, suka fitar da shirin sauti mai kashi takwas ƙarƙashin jaridar New York Times, suka bi sawun takardar, suka nuna yadda ta yi dogon bayani kan wata rigimar ma’aikata a wata firamare guda, abin da ya sa suke zargin daga can ta samo asali. Shirin ya sha suka daga wasu da suka ba da shaida, kuma a ƙarshen shekarar cibiyar Policy Exchange ta fitar da rahoton mayar da martani, da gabatarwar da Gove ya sa wa hannu.

Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Birmingham Musulmi ne. Makarantar Alum Rock tana nan a inda take, ’ya’yan unguwar ne dai ke cika ajujuwanta, amma tun 2015 aka sauke allon Park View aka kafa wani mai suna Rockwood. Har yau babu hukumar da ta bayyana wanda ya rubuta takardar.